Shaidar Kaguwa

Kwana tara bayan guguwa ya iso,
saurayi daga kamfanin inshora, Prewitt sunansa,
takalmin roba sabo fil, laka ba ta san shi ba tukuna.
Ya ce, "Mista Cheramie, sannu da wannan rashi,"
sannan ya zaro tef ɗin awo.

Shekara talatin da ɗaya ina sayar wa masuntan Lafourche
taru da igiya, ƙugiya da batirin jirgi.
Duk watan Maris nakan rubuta wa kamfaninsu cek,
ban taɓa latti ba.

Bai ɗaga kai ya ga inda rufi ya tashi
ya bar ni da sararin Louisiana tsirara ba.
Bango ya nufa.
Akwai layin laka a jikinsa, miƙe sak kamar da rula aka ja,
daidai ƙirjina.
Ƙafa huɗu da inci biyu. Ya rubuta.

"Ruwa iri biyu ne," in ji shi.
"Wanda iska ta yaye kwano ya zubo ta sama, namu ne.
Wanda ya taso ta ƙasa ya shigo ta ƙofa,
ambaliya ke nan, takardarta daban.
Shafi na sha ɗaya. Ga sa hannunka."

Nawa ne kuwa. Da tabarau ma na sa shi.

Na ce, yaro, ni fa ina nan daren,
a bisa kanta, rungume da rediyo.
Iskar da ta ɗauke rufin
ita ta tunkuɗo teku har cikin shagona.
Uwa ɗaya ta haife su.
In mutum ya jefe ka da dutse,
dutsen kake kai ƙara, ko hannun?

Ya ce, "Wanne ya riga?"

Wanne ya riga!
Duhu ne ya riga.
Wanda ruwa ke lasar idon sawunsa
ba ya neman agogo.

Sai ya jawo durowar kuɗi.
Kaguwa ce a ciki, shuɗiya, ta mutu a kan 'yan silalla,
hannu ɗaya a miƙe kamar mai jiran canji.
Ya ɗauke ta hoto, gaba da baya.
"Kaguwa ba ta faɗowa daga girgije, Mista Cheramie."
Na buɗe baki, na rufe.

To, aka yi rabo.
Abin da ke saman layi za su biya:
hulunan rana, ƙwan fitila,
kalandar bara da ban sauke ba.
Abin da ke ƙasan layi nawa ne ni kaɗai:
injin kwale-kwale shida, batir arba'in,
janareto, firiza biyu cike da jatan lande
waɗanda warinsu ya kori ko kuliyoyi.
Wa ke ɗora inji a kantar sama?
Mai nauyi a ƙasa yake zama
tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro inshora.

Maƙwabciyata Tuyet Dang, mai gidan abinci,
ta sayi takarda ta biyun, tana ƙorafin tsada.
Sau uku ta yi mini magana, na yi dariya,
na ce ruwa bai taɓa ƙetare titin nan ba tun zamanin ubana.
Jiya ta kawo mini romo da zafinsa,
ba ta ce "na faɗa maka" ba.
Da ma ta ce, da na samu wanda zan yi wa fushi.

Cek ya zo ranar Talata, kuɗin rufi cif.
Yanzu ina da kwano sabo mai ƙyalli
a kan shagon da babu kaya.

Mai fenti ya ce a shafe layin. Na hana.
Na sa kafinta ya kafa kantoci daga samansa,
duk mai son igiya sai ya riƙe mini tsani.
Kaguwar kuwa na shanya ta a bakin taga.
Mu biyu muka kwana a nan daren,
ita aka gaskata.